Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙauye da Ginin Ƙasa a Karkarar Afirka

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban gidan ƙasa da rana tsaka ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya san abin da ke fitowa: bango shafe kamar kwali, sama fari fat, mutanen da ke zaune a inuwa kuma baƙi ƙirin, ba ido ba hanci. Sai ya ɗora wa kyamara laifi, alhali ba ta ci ba ba ta sha ba. Ginin ƙasa launinsa ɗaya da ƙasar da aka haƙa aka yi shi, saboda haka inuwa ce ke fito da shi a hoto. Shatin yatsun mai yaɓe, tsagar da rani ya yi, hanyar da ruwan indararo ya bi, duk ba sa bayyana sai haske ya gogi bangon ta gefe. Irin wannan haske yakan zo ne da sanyin safiya da kuma bayan la'asar, daidai lokacin da masu gida ke cikin hidimarsu, ana shara, ana daka, ana kora dabbobi. Baƙon da ba a saba da shi ba kuwa ba ya tsayawa ƙofar gidan mutane a wannan lokaci. Wato haske da izini tare suke tafiya, kuma dukansu biyu zama suke so.

Mataki na farko: zaɓi wuri, sannan ka zaɓi wata

Ginin ƙasa a Afirka kala-kala ne, kowanne da abin da ake nema a jikinsa. A Tiyebele, kudancin Burkina Faso kusa da iyakar Gana, matan Kasena ne ke zana bangaye da baƙi da fari da ja, su shafe su da ruwan ɓawon ɗorawa don kada ruwan sama ya wanke zanen. Bahaushe zai gane wannan nan take, don ɗan'uwan makuba ne. UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa gidan sarautar Tiyebele cikin kayan tarihin duniya a 2024. A Kutammaku, arewa maso gabashin Togo, Batammariba na gina takiyenta, gida mai hawa biyu da rumbuna a kansa. An sa yankin a wannan jeri a 2004, aka haɗa da ɓangaren Jamhuriyar Benin a 2023. A bakin kogin Logon, tsakanin Kamaru da Cadi, akwai ɗakunan ƙabilar Musgum masu siffar ƙwai, jikinsu duk ƙusoshin ƙasa da ake takawa a hau, ko da yake kaɗan suka rage. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar akwai masallacin da magini Falke Barmu ya fara a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ga Jenne a Mali da babban masallacinta na 1907, ga Ait Ben Haddu a Maroko.

Waɗannan su ne masu suna. Amma ƙauyen da ba wanda ya san shi, mai rumbuna goma da zaure ɗaya tsoho, sau da yawa ya fi su ba da hoto, domin mutanensa ba su gaji da kyamara ba. Kuma kafin ka sa ƙafa, bincika tsaron hanya daga bakin wanda ya bi ta kwanan nan. Tsakiyar Mali da sassan Burkina Faso da Nijar na fama da rikici shekara da shekaru. Jenne kanta tun 2016 take cikin jerin wuraren tarihi masu fuskantar haɗari.

Game da wata, a Afirka ta Yamma kaka ce ta fi daɗin aiki, wato Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya wanke sama, akwai sauran kore, ana girbi ana cika rumbu. Disamba da Janairu hazon hunturu na kashe inuwa, rana ta zama kamar farin faifai. Yana da kyau ga hoton fuska, amma yana ɓata hoton bango. Daga Fabrairu zuwa gab da faɗuwar damina ake yaɓe da baibaya da sabunta zane, shi ne lokacin ganin aiki da hannu, sai dai zafi a Sahil kan haura digiri 40 a Afrilu. A kudancin nahiyar lissafin ya juya, raninsu daga Mayu ne zuwa Oktoba.

Mataki na biyu: rage kaya

Kyamara ɗaya da gilashi ɗaya, wato idon da ake ɗaura mata a baki, sun isa. Idan mai zuƙowa ne, wanda ya kama daga 24mm zuwa 70mm ya yi (ƙaramar lamba na ɗaukar fili da faɗi, babba na jawo abu kusa). Idan tsayayye ne, 35mm ko 50mm. Dalilin gilashi ɗaya shi ne ƙura: duk cirewa da mayarwa a fili ƙofa ce ka buɗe mata, ta zauna a cikin kyamara, kowane hoto ya fito da ɗigo a sama. In dole ne ka canja, shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa. Riƙe robar hura iska da ƙyalle mai laushi, kuma ka hura kafin ka goge, don ƙurar hunturu yashi ce, tana karce gilashi.

Batir uku, katin ajiya biyu ko uku, da ma'ajiyar caji babba, don akwai ƙauyukan da cajinsu sai a shagon mai sola. Kada ka bar kyamara ko waya cikin rufaffiyar mota da rana. Dogon gilashin ɗaukar nesa ka bar shi a gida; a ƙauye aikinsa ɗaya ne, satar hoton wanda bai sani ba. Waya mai kyau ma ta isa, muddin ka kashe abin gyaran fuska da ke goge fata, don yana goge bango ma. Jirgin ɗaukar hoto daga sama kuwa ƙasashe da yawa sai da lasisi, Maroko ma kan karɓe shi tun a filin jirgi. Ko da takarda a hannu, tashi da shi kan ƙauye leƙen tsakar gidan kowa ne a lokaci guda.

Mataki na uku: shiga gari da kyamara a jaka

Da ɗan gari akan ci gari. Nemi wanda aka sani a ƙauyen, mai jin yaren, ya kai ka wurin dagaci ko sarki ko dattijon unguwa. Ka yi gaisuwa cikakkiya, ka zauna inda aka nuna maka, ka sha ruwan da aka kawo. Sannan ka faɗi abu uku a fili: ko kai wane ne, me kake son ɗauka, ina hoton zai je. Idan sayarwa za ka yi ko za ka sa a intanet, faɗa tun yanzu. Tambayi ɗan rakiyarka abin da ake kai wa dattijo a wannan wuri. A wani gari goro ne, a wani kuɗin shiga ne tsayayye da ake ba da rasit, kamar yadda ake yi a wuraren da baƙi suka saba zuwa.

Tambaya mafi amfani a wannan zama ita ce: me ba a ɗauka? Kowane gari da nasa. A ƙofar takiyenta akwai ƙananan tudun ƙasa da ake yi wa kakanni yanka, kada ka taka, kada ka ɗora jaka a kai. Akwai maƙabarta, akwai kurmin tsafi, akwai wurin wankan mata a rafi. Masallacin Jenne ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga, kuma ko Musulmi ne kai, ɗaukar hoto a cikin kowane masallaci sai da yardar liman. A hanya kuma, shingen jami'an tsaro da bariki da gada ba abin nuna wa kyamara ba ne.

Izinin dagaci na gari ne, ba na gida ba. Kowane gida sai ka yi sallama a zaure ka nemi na mai gidan, kuma cikin gida a wurare da yawa na mata ne, namiji baƙo ba ya wuce zaure sai an ce ya wuce. A nan mace mai ɗaukar hoto ta fi mu sa'a: ke ana iya jan hannunki har madafa, ki ga abin da namiji zai shekara bai gani ba. Sai dai shigar da aka yi miki ba ita ce izinin yaɗa hoton ba, wannan tambaya ce ta daban.

Ranar farko, idan za ka iya daurewa, kada ka ɗauki komai.

Mataki na huɗu: karanci rana a jikin bango

Wannan ranar ta farko ta yawo ce. Zagaya gari ka lura da kowane gini da ya ja hankalinka, ka gane ina fuskarsa ta kalla, ka rubuta. Masallaci zai taimake ka gane gabas, ko manhajar gane alƙibla a waya.

Ga lissafin. Bangon da ya kalli gabas, da hantsi rana na dukansa gaba da gaba, sai ya yi ja mai kyau amma ya shafe. Wanda ya kalli kudu ko arewa shi ne rana ke goga ta gefe da safe da yamma, kowane ƙulli na yaɓe ya yi tasa inuwar. A arewacin layin da ya raba duniya biyu, daga Oktoba zuwa Fabrairu rana na karkata kudu, don haka bangon kudu ne ke samun haske, na arewa ya yini a inuwa. Ƙofar takiyenta yamma take kallo, aikinta sai la'asar. Ka kuma duba bangon gabas da kyau, domin a Sahil hadari daga gabas yake tasowa, wannan bangon ne ruwa ya fi ci; a nan za ka ga zaizaya da faci da sabon yaɓe kan tsoho.

Kusa da tsakiyar duniya rana ba ta jira. Tana hawa kusan digiri 15 a awa ɗaya, wato hasken nan mai taushi bai fi awa guda da ɗan kai ba, da safe haka da yamma. Littattafan Turawa da ke cewa ka sha shayi ka fito a hankali, da ranarsu suke magana. Kai dai asuba ta yi maka a wurin da ka zaɓa jiya.

Akwai togiya guda da ba kasafai ake faɗa ba. Ginin da ke da abin da ya turo waje, kamar itatuwan da ke soke a jikin masallatan Jenne da Agadas, ko indararo, ko zanen da aka tayar a fuskar zaure, yakan yi kyau wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya. A lokacin rana na gogar bangon daga sama, kowane itace ya ja doguwar inuwa zuwa ƙasa. Ka cika hoton da bangon, ka fitar da sama daga ciki.

Mataki na biyar: saita kyamara, ka ɗauki ginin

Sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100 ko 200, ƙofar haske ta gilashi a f/8. Ɗauka a RAW idan akwai, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba. Abu biyu ne ke ɓata launin ƙasa. Na farko, idan ka bar kyamara ta daidaita launi da kanta, za ta ga ja ya yi yawa ta yi ƙoƙarin kashe shi, bango ya fito toka-toka. Kafe ma'aunin launi a alamar rana, wajen 5500K. Na biyu, jar ƙasa da yamma kan cika ja har zane ya narke. Rage haske da kashi ɗaya ko biyu cikin uku na mataki guda a ma'aunin hasken kyamara. A waya, danna yatsa kan bangon ka riƙe har ya kafe, sannan ka ja alamar rana ƙasa kaɗan.

Bangon ƙasa gindinsa ya fi kansa kauri, da ma a karkace yake hawa. Idan ka matsa kusa ka ɗaga bakin kyamara sama, karkatar ta ninku, gini ya zama kamar zai faɗi da baya. Ja da baya, riƙe kyamara a miƙe, ka zuƙo zuwa 50mm, ko 2x a waya. Gilashin 0.5x na waya yana lanƙwasa gefe, ka bar shi sai a cikin ƙuntataccen ɗaki.

Kowane gini ka ɗauke shi sau uku. Daga nesa, da bishiyarsa da hanyarsa da garkensa, don a ga inda yake zaune. Kuka ko giginya a gefe kan nuna tsayi. Daga tsaka-tsaki, ƙofa da zanko da dakali. Sannan kusa ƙwarai, taku ɗaya daga bango, inda ake ganin ciyawar da aka cuɗa da ƙasa da shatin tafin hannu. Wannan na ukun shi ne mutane ke mantawa, kuma a ganina shi ne hoton, don shi ke nuna cewa wani ne ya tsaya ya yi wannan abu da hannunsa.

Idan ka sami bango mai kyau, kada ka yi ta yawo. Tsaya, daidaita hoton, ka jira abin da zai ratsa: akuya, mai keke, yarinya da tulu. Inuwar mutum a bango ma ta isa. Hasumiyar Agadas mita 27 ce, amma ba mai sanin haka a hoto sai mutum ya gitta gindinta. Hawa soro ko tudu na ba da tsarin gari, sai dai ka tambaya tukuna, don daga sama kana ganin tsakar gidan maƙwabta, kuma ka taka inda aka ce ka taka, rufin ƙasa ba ko'ina yake ɗaukar mutum ba.

Mataki na shida: cikin ɗaki

Ɗakin ƙasa duhu ne da gangan, duhun ne sanyinsa. Ƙofofin Tiyebele sai ka durƙusa, ka kuma tsallake ƙaramin bango a ciki. Shiga ka zauna minti biyu ido ya saba. Kashe filasha, yana kashe ɗakin. Ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, buɗe ƙofar haske iyakarta, kada saurin ɗauka ya sauka ƙasa da 1/60 na daƙiƙa in a hannu kake riƙe. Ka dafe gwiwar hannu a cinya, ba a bango mai zane ba. Don rufi, inda azara ke jere ko bakan gizo ya haɗu, ajiye kyamara a ƙasa tana kallon sama, ka sa ta ɗauka bayan daƙiƙa biyu. Idan ana girki kuma rana na shigowa ta kafar rufi, hayaƙi zai zana hasken kamar igiya; auna haske a kan igiyar, ka bar sauran ɗakin ya yi duhunsa. Ƙofa kuwa za ta ƙone fari, ko ka yarda da haka, ko ka fitar da ita daga hoton.

Mataki na bakwai: mutane

Mafi kyawun wurin hoton fuska a duk ƙauye shi ne bakin zaure. Mutum na cikin inuwa taku ɗaya, hasken da ƙasa ta maido yana haska masa fuska, bayansa duhu. Auna haske a kan fuskar, domin kyamara kan bi bango mai haske ta bar baƙar fata a dushe. Inuwar bango mai kallon wani jan bango ita ma tana ba fata ɗumi mai kyau.

Mai aiki ka bar shi ya ci gaba da aikinsa. Daka da sussuka da jifan tubali daga ƙasa zuwa hannun magini na son saurin ɗauka 1/500 don su tsaya cak a hoto. In kana son taɓarya ta nuna motsi, sauka zuwa 1/30 ka riƙe da kyau. Durƙusa daidai tsayin wanda ke zaune; hoton da aka ɗauka daga sama na ƙasƙantar da mutum. Ɗauki biyu ko uku, ka juya kyamara ka nuna masa. Idan ya ce goge, goge a gabansa. Wanda ya kau da kai ko ya ja mayafi ya riga ya ba ka amsa.

Yara za su yi maka dafifi. Ɗauke su sau ɗaya da yardar manya, ka nuna musu, ka zauna har su gaji su watse. Kada ka raba musu kuɗi ko alawa, kana koya musu bara ne ga baƙo na gaba. Babban da ka tsayar daga aikinsa kuwa, in akwai biya, a yi maganarsa kafin ɗauka. Sayen tukunya ko tabarma daga hannun mai ita ya fi miƙa kuɗi mutunci.

Sai abin da na fi damuwa da shi. Kada ka ce a janye babur, ko a ɓoye bokitin roba, ko yaro ya cire rigar ƙwallo, wai don hoto ya yi kama da na dā. Faifan sola a kan jinka da rufin kwano kusa da soro su ne ƙauyen yau. Haka kuma kada ka bi rusasshen kango da yaro mai majina ka kira shi Afirka. Ginin ƙasa sana'a ce mai sarauta da gado, yana riƙe sanyin dare ya kai shi rana, abin da bulo da kwano ba sa yi.

Idan ka dace da ranar yaɓe, ka sa kyamara cikin leda ka bar bakin gilashi kawai. A Jenne gari guda ke fitowa sau ɗaya a shekara, mata na jido ruwa, samari na gudu da kwandunan laka, magina na bisa itatuwan bango, kuma tun da asuba ake farawa, kafin rana ta take an ci rabin aiki. A ƙaramin ƙauye gayya ce ta maƙwabta. Ɗauki kwando ɗaya ko biyu kafin ka ɗauki hoto.

Mataki na takwas: da dare, da bayan ka dawo

Kowane dare kwafe hotuna zuwa wuri na biyu, kada ka goge kati sai ka isa gida. Rubuta sunan ƙauye, sunan magini ko matar da ta yi zanen, sunan ginin a yarensu, da wanda ya yarda a wallafa da wanda bai yarda ba. Bayan mako biyu ba za ka tuna ba. Hoton da za a sayar don talla yana son yarda a rubuce, ko a naɗe da murya in mai shi ba ya karatu. Cire bayanin wurin da waya ke liƙa wa hoto kafin ka sa a intanet, musamman na yara da na cikin gida.

Wajen gyara ka yi sannu. Ɗaga inuwa kaɗan, miƙe layin da ya karkace, goge ɗigon ƙura a sama. Kada ka ƙara launi har ƙasa ta zama ruwan lemo. Ƙasar Jenne toka-toka ce, ta Ait Ben Haddu ja-ja, ta wani wuri rawaya, kowace ka bar ta da kamarta. Kuma kada ka haska fatar mutum fiye da yadda Allah ya yi shi.

Sannan ka wanke hotuna a takarda ka aika wa masu su ta hannun ɗan rakiyarka ko direban motar kasuwa. WhatsApp ya yi ga masu waya, amma tsohuwar da ta zana bangon takarda take so. Sa kowanne a leda saboda ƙura da gara, ka rubuta sunan mai shi da shekara a baya.